Yadda ake haɗa tukwanen fulawa a wuraren jama'a lokacin hunturu a Katsina

Duk shekara, da ruwa ya ɗauke aka shiga kaka, sai ka ga an sauke tukwanen siminti a ƙofar makaranta ko harabar masallaci ko gaban wani ofis, an shafe su da fenti, an dasa fulawa, an ɗauki hoto. Ka dawo bayan wata biyu, abin da za ka tarar a ciki busasshen kara ne da ledar fiya-wata da guntun sigari. In ka tambaya, a ce maka sanyi ne ya kashe su.

Na daɗe ina wannan aiki a cikin birnin Katsina, wani a biya ni, wani don Allah, kuma har yau ban ga shukar da sanyinmu ya kashe ba. Sanyin da ke kisa shi ne na Ingila da makamantanta, inda ruwa ke daskarewa cikin tukunya har ta tsage. Shi ya sa masu bidiyon YouTube na can suke cewa a naɗe tukunya da bargo, a rage ban-ruwa. Ka bi su a nan, ka yi asara. Namu hunturun, ko a muku-mukunsa na Disamba da Janairu, da asuba ne awon zafi ke sauka ƙasa da digiri 15, da rana ya koma wajen 30. Irin yanayin da latas da kabeji da karas ke so ke nan, ka leƙa lambunan Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi ka gani da idonka. Masu kashe mana shuka su huɗu ne: busasshiyar iskar arewa maso gabas, ƙurar da take ɗaukowa, awaki, da rashin takamaiman mutumin da ban-ruwa ke wuyansa. Na huɗun ya fi sauran ukun ɓarna.

Kayan da za ka tanada

Mazubi tukuna. A wurin jama'a, mai nauyi shi ne abokin tafiya: tukunyar siminti, ko duro mai lita 200 da aka raba biyu. Tsohuwar taya ma tana yi, haka randar da ta tsage aka daina zuba mata ruwa. Ƙananan tukwanen roba ka bar su a gida. Iska za ta kifar da su, wanda iska ta bari kuma wani zai saɓa ya tafi da shi. Zurfin mazubi kada ya gaza kamu ɗaya in za ka sa shuka mai zama shekara da shekaru. Fulawar wata uku kuwa taƙi ɗaya da rabi ya ishe ta.

Kayan aiki: shebur, kwanon sarki don awo, baro, rariyar waya irin ta magina, cokalin magina ko 'yar ƙaramar fartanya, almakashi mai kaifi, reza, guduma da babbar ƙusa, da safar hannu. Sai butar ban-ruwa mai kan rariya. In babu ita, samu babban gwangwanin tumatir ka huhhuda gindinsa da ƙusa, aikinsu ɗaya.

Na haɗin ƙasa: baƙar ƙasar lambu, ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, ɓuntun shinkafa ko yashin gini, garin gawayi in ya samu, tsingaro, da tsakuwa. Sai zana ko karan dawa, ragar waya ko ƙaya, tsohon gidan sauro, ledojin fiya-wata da aka shanye, da takin zamani NPK 15-15-15 ɗan kaɗan. Mudu ɗaya zai kai ka ƙarshen sanyi in tukwanen ba su wuce 20 ba.

1. Nemo mai ban-ruwa da izini kafin ka sayi ko tukunya ɗaya

Rabin duro ɗaya yana shan kamar lita 4 a rana in iska na kaɗawa. Tukwane 20 lita 80 ke nan, wato jarka 4 mai lita 25, har da rarar wanke ganye. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu kwana 120 ne, jarka 480. Zauna ka buga wannan lissafi da farashin 'yan garuwa na unguwarku, ko ka tabbatar famfo ko burtsatsen wurin ba ya yanke wa. In lissafin ya fi ƙarfin masu wurin, rage tukwanen. Guda shida korra shar sun fi ashirin busassu kyan gani.

Sannan a samu mutum ɗaya, da sunansa, ba "kwamiti" ba, ba "yaran unguwa" ba. Mai gadi, ladan, mai shara, ko mai shayin da ke kafa teburinsa a wurin kullum. Ni nakan kama hannun mai gadi in zagaya da shi: "Baba, ga tukwane goma sha biyu, amanarsu na hannunka. Ga abin goro duk ƙarshen wata." Kuma a cika alkawarin goron. Wata dabarar da ta fi kuɗi aiki: ka ware tukunya ɗaya ka shuka wa mai shayi na'a-na'a a gefen teburinsa. Wanda ke tsinkar ganye ya jefa a buta ba ya barin tukunyar ta bushe, kuma in ya ɗauko bokiti ba zai tsallake na kusa da ita ba.

A masallaci, ka je wa liman da kwamiti da maganar ruwan alwala. "Allah gafarta Malam, ruwan nan da ke malala titi, a ba mu mu tara shi." Ba sabulu a cikinsa, shuka na son sa. A binne duro a ƙarshen magudanar wurin alwala, a rufe shi saboda yara da sauro. Na bayan gida ban da shi.

In bakin titi ne ko shataletale, sai da sanin mai unguwa da hukumar tsara birane. Ba daɗi ka gama wahala a zo da mota a kwashe.

2. Karanta wurin

Je da safe, koma da azahar, koma da la'asar. Fulawa mai fure tana son rana ta aƙalla awa 6. Ka tuna a hunturu rana tana karkata kudu, don haka gindin bangon da ke fuskantar arewa yana iya yini cikin inuwa. Can moɗa ce za ta yi, shukar nan mai dogon ganye a tsaye kamar takobi, ba mai fure ba. Wurin da gini ya tare masa arewa da gabas, rana kuma tana samun sa, shi ne wurin sarauta.

Kada tukunya ta hau kan kwalbati, ko ta cinye wurin sahun Juma'a, ko ta tare hanyar guragu da masu baro. A mahaɗar titi shuka kada ta wuce ƙugu, don mai Keke Napep ya hango abin da ke tahowa. Ka ajiye kowane mazubi a mazauninsa tun yana wofi, ka ja baya ka duba. Da zarar ƙasa ta shiga rabin duro ta jiƙe, ya fi buhun siminti biyu nauyi.

3. Gyara mazubin

Juya shi ka duba gindi. Masu buga tukwanen siminti da yawa rami ɗaya suke bari, wani ma siminti ya toshe shi. Rabin duro yana son rami 6 zuwa 8 masu faɗin babban yatsa. Ɗora shi a kan bulo uku don ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma ta rasa ta shiga.

Sabuwar tukunyar siminti tana fitar da wani farin gishiri mai sa ganye ya yi rawaya. Toshe ramin da tsumma, cika ta da ruwa, ka zubar duk bayan kwana biyu ko uku, har kwana 10. In lokaci ya ƙure, shimfiɗa leda a jikin bangon ta ciki, ka bar gindin a buɗe.

Duro kuwa a yi hattara. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko sinadari yana iya fashewa in wuta ta taɓa shi, ko da ya daɗe a wofi. A wanke shi, a cika shi da ruwa, a bar wa mai walda yankan. Wanda aka zuba maganin feshi a ciki kada ka karɓa ko kyauta ne. Bakin da aka yanka kaifi gare shi kamar wuƙa, kuma yara za su dafa: a lanƙwashe shi da guduma, ko a tsaga tsohon tiyo a sa masa baki. Shafa baƙin fentin kwalta a ciki saboda tsatsa, waje kuma fari ko wani launi mai haske, don baƙin ƙarfe yana dafa saiwa in zafi ya dawo. Taya ma haka: yanke leɓenta na sama, huda na ƙasa don kada ruwa ya kwanta, ɗora biyu in kana son zurfi, ka yi mata farin fenti.

Ga kuskuren da na shekara ina yi, don haka aka koya mini: zuba tsakuwa taƙi guda a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce. Ba ya wucewa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, ka ga ka rage wa saiwa wuri, ka kuma matso mata da laima. Tsingaro ɗaya a kife a kan kowane rami, ko yankin gidan sauro a shimfiɗe, ya wadatar. Adana tsakuwarka, tana da aiki a sama.

4. Haɗa ƙasa

Nan ne aikin yake. Rabin duro yana cin kwanon sarki 6 ba tozo. Awon da nake yi: 3 na baƙar ƙasa, 2 na ruɓaɓɓen taki, 1 na ɓuntu ko yashi. In akwai garin gawayi, wanda masu sayar da gawayi ke sharewa su zubar, ƙara mudu biyu; yana riƙe laima.

Amma awon yana bin ƙasar da ka samu. Yawancin ƙasarmu ta nan arewa, daga Katsina har Daura da Mai'aduwa, jigawa ce, ruwa na ratsa ta kamar rariya. In irinta ce a hannunka, cire yashi gaba ɗaya, ka sa kwano ɗaya na lakar fadama ko dakakkiyar ƙasar suri a madadinsa. In kuwa laka ce mai danƙo aka kawo maka, yashin ya zama kwano biyu. Gwajin ba wuya: yayyafa ruwa, damƙi cikin hannu ka matse. In ta dunƙule, ka taɓa ta da yatsa ta wargaje, ta yi. In ta ƙi dunƙulewa rairayi ya yi yawa. In ta zauna kamar tuwo laka ta yi yawa.

Kada ka karɓi ƙasar da aka haƙo daga ramin gini ko na masai sabo, jar nan ta can ƙasa. Ba abinci a cikinta, kuma in ta bushe sai diga. Ƙasar juji tana da kyau, sai dai a tankaɗe ta da rariya, da safar hannu, don akwai kwalba da batir da allura. In daga lambu za a ɗebo, tumɓuke tsohon tushen tumatir ko kuɓewa na wurin ka duba. Ka ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai tsutsar saiwa a ƙasar, nemi wani wurin.

Taki shi ne inda sababbi ke ƙonewa. Ɗanyen kashin kaji wuta ne. Na taɓa gaggawa a wata makaranta saboda baƙi za su zo, na haɗa da kashin kajin da aka kwaso ranar, na dasa fulawar marigol, mai fure ruwan ɗorawa, sama da guda ɗari. Kwana uku duk suka yi baƙi daga gefen ganye suka kwanta. Takin da ya ruɓe ba ya wari, ba ya ɗumi in ka cusa hannu, kuma ba ka gane asalin abin da ya kasance. In ɗanye ka samu, tara shi, jiƙa shi, rufe da buhu, kana juyawa duk mako, har mako 6 ko fiye. In kana shakka, cika gwangwani da haɗin ka shuka wake biyar. Suka fito lafiya cikin mako, ci gaba.

Ɓuntu ya fi kyau a babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. In babu ɓuntu, dakakken ɓawon gyaɗa da ya kwana biyu. Toka kuwa kada ta wuce tafi ɗaya, a sabuwar tukunyar siminti ma kada ta shiga sam.

Gauraya a ƙasa da shebur sau uku, zuba a mazubi, bar yatsa huɗu tsakanin ƙasa da baki don ruwa ya samu wurin tsayawa. Kada ka tattake da ƙafa. Shayar da ita sosai, ka bar ta mako ɗaya. Za ta zauna, ka cike gurbin. Ciyawar da ke ɓoye cikin taki za ta fito, ka cire ta tun ba ta da abokin rigima.

5. Zaɓen abin shukawa

Kowace tukunya nakan ba ta uwa ɗaya a tsakiya, wadda za ta zauna ko bayan sanyi, sannan 'yan rakiya masu fure a kewaye. In 'yan rakiya sun gama zamaninsu, tukunyar ba ta zama kwandon shara ba.

A iyaye, babu kamar kariya. 'Yar ƙasar nan ce, tana ajiye ruwa a kututturenta, kuma da rani take fure, ja-ja da fari, lokacin da komai ya bushe. Awaki ba su cika kula ta ba. Amma ruwan jikinta dafi ne, don haka ban sa ta a makarantar ƙananan yara ko inda hannunsu zai kai. Ita da zabuwa, wato shukar nan dangin alobera, ƙasarsu daban ce: kwano 3 na yashi, 2 na ƙasa, 1 na taki. Sai bogenbiliya, mai ƙaya da fure kamar takarda, wadda ita ma rani ne lokacin adonta, sai dai awaki na son ganyenta. Moɗa ta wurin inuwa ce da wurin da ka san za a yi sakaci. Ko an manta da ita mako biyu tana nan. Lalle yana yin kyau in ana aske shi, furensa ga ƙamshi, yakan ɗan kaɗe ganye in ɗari ya tsananta ya sake fitowa. Matan unguwa za su riƙa tsinka, ni ban ɗauki wannan ɓarna ba. Yalobush, mai ganye ruwan ɗorawa da ake shinge da shi a gidajen gwamnati, yana yi in ruwa bai yanke ba.

'Yan rakiya: marigol ita ce ta farko, ba ta da tsada, ba ta da fushi, tana fure mako 6 zuwa 8 daga shuka. Ziniya tana bin ta da launi iri-iri, wajen wata biyu. Binka, mai fure fari ko shunayya-shunayya mai kunne biyar, tana jure ƙishi da zafi. Fotulaka, 'yar'uwar harshen-saniya, tana malala ta rufe bakin tukunya, furenta ya buɗe da hantsi ya rufe da yamma. A cikin makarantar da ke da katanga, jera latas kore da ja a gefen tukunya. Ado ne, kuma ɗalibai su ga abin da suka shuka ya shiga kwano.

Ka'ida ɗaya: kada ka haɗa mai yawan ƙishi da mai gudun ruwa a tukunya guda. Kariya da bogenbiliya abokansu fotulaka da binka. Marigol da ziniya su bi lalle ko yalobush. Ka sa marigol a gindin kariya, ruwan da zai raya ɗaya shi zai ruɓar da ɗaya.

Kuroton da iksora da sauran masu faffaɗan ganye mai sheƙi da ake lodowa daga kudu, ka bar su wa masu gida da mesa. A bakin titin Katsina mako biyu na iska ya isa ya tuɓe su.

6. Renon iri

Lokacinsa daga tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba, don fure ya kama Disamba. Yanke bakin ledar fiya-wata, huda gindinta sau uku, cika da haɗin da ka tankaɗe. Iri biyu a kowace leda, zurfin rabin gaɓar yatsa, rufe sama-sama. Marigol da ziniya suna fitowa cikin kwana 4 zuwa 7. In duka biyun suka fito, cire mai raunin. Jera ledojin inda ranar safe ke samun su, kamar gefen inuwar bedi (darbejiya) ta gabas. Can cikin inuwa za su yi tsawo siriri su faɗi. Rufa musu gidan sauro a kan 'yan sanduna, in ba haka ba ƙadangaru da kaji su yi kalaci da su.

Binka tana son ɗumi kafin ta tsiro, don haka ita a fara da ita tun Oktoba, ko a sayi dashenta. Fotulaka ba ta buƙatar iri: karyo reshe tsawon yatsa ka soka, cikin mako ta kama. Moɗa da zabuwa 'ya'yan gindinsu ake rabawa. Reshen kariya a yanka da safar hannu, a kiyaye ido, a ajiye shi a inuwa kwana uku bakin ya bushe kafin a soka a yashi. Bogenbiliya tana ɗaukar wata ɗaya zuwa biyu kafin ta yi saiwa, aikin damina ne. Yanzu saya za ka yi.

In ka makara, je wurin masu sayar da fulawa, amma ɗaga kowace leda ka duba gindi. Wadda saiwarta ta huda ta shiga ƙasa aka fizge ta, za ta yi yaushi a hannunka. Zaɓi gajere mai kauri da bai fara fure ba, ka bar dogon da ya cika da fure, ya riga ya tsufa a leda. Kuma ka tambaya yaushe aka kawo shi. Wanda ya yi wata a Katsina ya san iskarmu.

Saura mako a yi dashe, fitar da ledojin rana gaba ɗaya, ka ɗan rage musu ruwa su yi ƙwari.

7. Dashe

Dashe ya isa in ya yi mako 3 zuwa 4, da ganye huɗu zuwa shida. Bayan la'asar ake yi, ranar da iska ta lafa in da hali. Shayar da ledojin awa ɗaya kafin nan. Haƙa rami daidai girman leda, tsaga ledar da reza, ɗauko dunƙulen ƙasar ba tare da ya watse ba. Ziniya da bogenbiliya musamman ba sa yafe wa wanda ya taɓa musu saiwa. Zurfin da take a leda shi za ta zauna a tukunya. Binne wuya yana kawo ruɓa. Uwa a tsakiya, 'yan rakiya 6 a kewaye, taƙi ɗaya tsakaninsu. Za ka ga kamar da fili, bar shi, wata ɗaya za su haɗe. Danna gefe da yatsu, shayar har ruwa ya ɗigo ta ƙasa. Kwashe ledojin da ka tsaga, kada ka zama farkon mai zubar da shara a wurin.

Yanzu ɗauko tsakuwar nan ka shimfiɗa a sama, kaurin yatsa biyu, ban da jikin kara. A gida ɓawon gyaɗa ko ciyawa ake rufawa, amma a waje iska na kwashe su, gara na bin su, kaji na tonawa, guntun sigari na iya kunna su. Tsakuwa ba ruwanta da duk wannan.

8. Tare iska da awaki

Mako biyun farko, kafa zana ko dangar kara ta arewa da gabas, ta ɗara shukar tsawo. Ɗaure ta da kyau a turaku. Bayan sun kama ana iya cirewa.

Awaki kuwa ba a cire musu tsaro. Da an gama girbi ake sakin dabbobi, kuma a duk unguwar tukunyarka ce kaɗai kore. Tsawon tukunya ba ya hana akuya, miƙewa take ta dafa. Zagaye kowace tukunya da ragar waya mai tsawon ƙirji a kan ƙarfe ko sanda huɗu, ka bar taƙi ɗaya tsakanin raga da ganye don kada ta zura baki. In ba kuɗin raga, rassan magarya ko farar ƙaya a soka a kewaye, sai dai ban da inda yara ke guje-guje. In wurin a buɗe yake ƙwarai kuma ba halin ko ɗaya, tsaya kan kariya da moɗa da zabuwa da binka.

9. Ban-ruwa da wankin ƙura

Da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga. Kafin ka zuba, cusa yatsa har gaɓa ta biyu a ƙarƙashin tsakuwa. Da laima, wuce. A bushe, zuba a hankali a gindi har ya fito ta ƙasa. Marigol da ziniya kusan kullum ne. Bogenbiliya da ta kama, duk kwana biyu ko uku, don ɗan ƙishi ne ke sa ta fure; ka cika mata ruwa ta ba ka ganye zalla. Kariya da zabuwa da moɗa sau ɗaya a mako, cikin tsananin ɗari ma har kwana 10.

Kuskuren masu gadi shi ne yayyafi: a watsa ruwa sama-sama, fuska ta jiƙe, ciki a bushe. Nuna masa sau ɗaya, tona ƙasar a gabansa ya gani. Wani abin kuma, in ƙasa ta bushe ƙayau takan janye daga jikin tukunya, ruwa ya bi ta gefe ya fice kamar an ƙoshi. Soka sanda wuri biyar, zuba kaɗan, jira, sake zubawa, har sau uku.

Sau biyu a mako a wanke ganye da butar rariya, sama da ƙasansa. Ƙurar hazo tana toshe ganye, kuma cikinta ne wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo ke yaɗuwa. In ka ga farin gishiri na taruwa a kan ƙasa, ruwan wurin ne ke da shi. Sau ɗaya a wata a yi ambaliya, a zuba ninki uku ya wanke ya fita.

Hutun Disamba ya taɓa cinye mini aikin wata biyu a wata makaranta: mako uku ba kowa, na dawo kariya da moɗa kaɗai suka gaishe ni. Tun daga nan nake binne ƙaramin tulun ƙasa marar fenti a kowace tukunya tun ranar cika ta, bakinsa a waje, da murfi. A cika shi, yana tsattsafowa a hankali kwana uku zuwa biyar. In ba tulu, babbar gorar roba da aka huda da allura wuri huɗu. Ba ya maye gurbin mutum, amma yana rage zuwansa zuwa sau biyu a mako.

10. Ƙarin taki, ƙwari da tsinke

Mako biyu bayan dashe, kwalin ashana ɗaya na NPK ga rabin duro, a barbaɗa nesa da kara, a bi da ruwa nan take. Maimaita duk mako 3 zuwa 4. Yuriya ka bar wa masara, ganye za ta ba ka ba fure ba. In ba takin zamani, ɗaure kashin awaki a buhu ka jiƙa a duro mako ɗaya, sirka ruwan har ya yi kalar shayi marar kauri, ka shayar duk mako biyu.

Marigol da ziniya in sun kai taƙi, tsinke kan da farce. Da ciwo a rai, amma reshe ɗaya zai zama huɗu. Furen da ya bushe a riƙa cire shi duk mako, in ba haka ba shukar ta ɗauka ta gama aiki ta koma yin iri.

Ganye ya nannaɗe ko ya yi danƙo, juya bayansa, za ka ga ƙananan ƙwari kore ko farare. Daka 'ya'yan bedi da aka ɓare, gwangwanin madara ɗaya a lita 2 na ruwa, ya kwana, tace da ƙyalle, sa ɗan sabulu, fesa da yamma, ka maimaita bayan mako. Maganin feshi mai ƙarfi ba na wurin da mutane ke zama suna cin abinci ba ne.

11. In sanyi ya fara ja da baya

Wajen ƙarshen Fabrairu za ka ga marigol da ziniya sun fara gajiya. Daina cire furen masu kyau daga cikinsu, bar su su bushe a jiki, ka karya ka murza, ka shanya irin a inuwa kwana uku. Zuba a ambulan na takarda, ba leda ba, rubuta suna da launi, ajiye inda ba laima har Oktoba.

Tumɓuke tsofaffin, ja tsakuwa gefe, sassauta ƙasar sama da cokalin magina ba tare da ka taɓa saiwar uwa ba, ƙara rabin kwanon sarki na ruɓaɓɓen taki, mayar da tsakuwa. Guraben da suka buɗe a cike su da binka da fotulaka, su ne za su iya da zafin Afrilu mai kaiwa digiri 40. Daga tsakiyar Maris ban-ruwa ya koma safe da yamma ga masu ƙishi, don haka a sake zama da mai ban-ruwa a kan lissafin jarka da na goro. Kafin ruwan farko ya sauka, kwanta ka leƙa gindin kowace tukunya, ka zura ƙusa a ramukan, don saiwa da laka sukan toshe su, kuma kariyar da ta kwana biyu cikin ruwa ba ta tashi.